Murder on the Orient Express: Fim Ɗin da Za a Kalla da Manyan Yara

Duk magidancin da ya taɓa tsayawa a shagon masu tura finafinai a Gyadi-Gyadi ko bakin titin Zoo Road ya san wahalar samun fim ɗin Turawa da zai saka a falo, uwargida da yara na zaune, ba tare da ya ƙanƙame rimot yana zullumin abin da zai bayyana ba. Murder on the Orient Express na 2017 yana cikin 'yan kaɗan da suka kusa cika wannan sharaɗi.

Labarin na Agatha Christie ne. Littafin ya fito a 1934, shekarar da aka buga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam a Zariya. Kenneth Branagh ne ya ba da umarni, shi ne kuma ya fito a matsayin Hercule Poirot, ƙwararren mai bincike ɗan Beljiyam, mai gashin baki har kunne. Jirgin ƙasa na alfarma ya taso daga Istanbul, dusar ƙanƙara ta gangaro daga dutse ta tsayar da shi, gari na wayewa aka tarar da gawar wani attajiri, Ratchett, an daɓa masa wuƙa sau 12. Ba mai shiga, ba mai fita. Ke nan mai kisan yana cikin fasinjoji.

Tun kafin a hau jirgi fim ɗin ya saye ni. A birnin Ƙudus aka buɗe shi, Poirot na auna ƙwai biyu da aka dafa masa, ya ƙi ci don tsawonsu bai zo ɗaya ba. Nan take ka gane mutumin da ba ya jure karkata ko ta ƙwayar zarra. Sai ga limami da fada da malamin Yahudawa an tsayar da su bisa zargin sata, ya wanke su duka ukun, ya nuna cewa babban ɗan sandan da ke tuhumarsu shi ne ɓarawon.

Inda na fi jinjina wa Branagh shi ne lokacin gano gawar. Daga sama ya ɗauki hoton, kawunan mutane kawai kake gani a lungun tarago, kana jin firgicinsu, ba a tura maka jini a ido ba. Wannan kunya ce irin wadda ta yi ƙaranci a finafinan yanzu. Sauran aikin duk na ƙwaƙwalwa ne: hankici mai harafi ɗaya, guntun takarda da ta ƙone, agogon da ya tsaya. Yaro mai wayo zai yi ta hasashe, ya yi ta faɗuwa.

Taurarin sun yi yawa, shi ya sa irin su Judi Dench da Penélope Cruz ba su samu fili sosai ba, kuma guje-gujen da aka cusa a kan gada ba ya cikin littafin. Wanda Sidney Lumet ya shirya a 1974 ya fi haƙurin bin tambayoyi dalla-dalla. Amma Michelle Pfeiffer ta biya bashin duka a ƙarshe.

To, batun iyali. Babu tsiraici. Akwai shan giya da taba, akwai ɗan wurin da abokin Poirot ya bayyana da wata mace yana maganar da ba ta kamata ba, kuma an ambaci kashe kai. A Amurka an ba shi matakin PG-13, wato a yi hattara da 'yan ƙasa da shekara 13. Abin da ya fi waɗannan nauyi shi ne tushen labarin: an sace wata ƙaramar yarinya, Daisy Armstrong, aka karɓi kuɗin fansa, aka kashe ta, gidansu ya tarwatse. Christie ta ɗauko wannan daga sace ɗan Charles Lindbergh a 1932. Mu Kanawa da har yau ba mu warke daga rashin Hanifa ba, 'yar shekara 5 da aka sace a Disamba 2021, wannan ba tatsuniya ba ce a wurinmu. A shari'ar Hanifa kotu ta yanke hukunci a Yuli 2022. A fim ɗin kuwa mai laifin ya sulale wa doka, kuma daga nan komai ya samo asali.

Ba zan faɗi wanda ya yi kisan ba. Sai dai ƙarshen zai sa ka tausaya wa ɗaukar fansa, ya bar Poirot kansa cikin ruɗu, kuma nan ne aikin uba yake. A addininmu ƙisasi haƙƙi ne, amma alƙali ke zartar da shi, ba mai jin zafi ba. Fim ɗin minti 114 ne. A bari ƙanana su yi barci, a kalle shi da waɗanda suka kai 13, kuma idan ya ƙare kada a tashi sai an tambaye su: da ku ne Poirot, me za ku gaya wa 'yan sanda?