Daji, Aboki da Sanin Kai: Ɗalibin Minna Tsakanin Ruwan Bagaja da Burning Grass

Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba rubuce-rubucen da ɗalibai ke aiko wa mujallu irin wannan zai lura da cewa jigogi uku ne suka fi yawan maimaituwa a waƙoƙi da gajerun labaran masu tasowa. Akwai yabon halittun Ubangiji, wato daji da kogi da tsuntsaye. Akwai abota, wadda galibi takan zo da kukan cin amana. Sannan akwai tambayar nan da ke damun duk matashin da ya bar gaban iyayensa ya shiga makaranta mai zurfi: shin ni wane ne? Wannan maƙala za ta dubi jigogin uku ta fuskar ɗalibin da ke karatu a Minna, ko a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1983, ko a Kwalejin Ilimi ta jihar. Ma'aunin da za mu yi amfani da shi kuwa littattafai biyu ne na marubuta biyu waɗanda aka binne cibiyarsu a ƙasar da ta zama Jihar Neja a 1976: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Burning Grass na Cyprian Ekwensi. Abin da muke son nunawa shi ne, a littattafan nan biyu tauraro ba ya gane kansa sai ta hanyar ƙasar da ya taka da mutumin da ya yi tafiya da shi, alhali ɗalibanmu sukan raba abubuwan uku, kowanne su ba shi waƙarsa daban.

Me ya sa Minna?

Minna asalinta garin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa, kuma jirgin ƙasa ne ya buɗe ta. Layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ta nan ya ratsa, kuma a nan ya haɗu da wanda ya taso daga Ikko. Dogo ya kawo Nufawa da Hausawa da Yarbawa da Ibo, kowa da harshensa, Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha. A wannan gari aka haifi Ekwensi a 1921, ɗan Ibo da iyayensa suka fito daga Nkwelle Ezunaka ta Jihar Anambara ta yau. A nan kuma aka haifi Ben Okri a 1959, wanda ya ci kyautar Booker a 1991. Marigayi Abubakar Gimba, ɗan ƙasar Lapai, wanda ya taɓa shugabantar Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, a Minna ya yi zamansa na rubutu. Saboda haka ɗalibin da ya ɗauki alƙalami a wannan gari yana da magabata. Yana kuma da matsalar da ɗalibin Kano ko Katsina bai cika fuskanta ba, domin sau da yawa yakan yi magana da mahaifiyarsa da Nufanci ko Gbagyi, ya yi hira da abokansa da Hausa, ya rubuta jarrabawa da Ingilishi. Tambayar "ni wane ne" a bakinsa tambaya ce ta gaske.

Ekwensi da idon ma'aikacin daji

Bayan Kwalejin Gwamnati ta Ibadan da Kwalejin Achimota ta ƙasar Gana, Ekwensi ya shiga makarantar koyon aikin gandun daji ta Ibadan, ya kuma yi aikin na ɗan lokaci kafin ya koma fannin haɗa magunguna. Burning Grass bai fito ba sai 1962, a matsayin littafi na biyu a jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann, bayan Things Fall Apart. Marubucin ya haura shekara arba'in a lokacin, amma idon da ke kallon ƙasa a cikin littafin idon ɗalibin nan ne da aka koya wa bambanta ciyawa da ciyawa, da lura da lokacin da ake sa wa daji wuta.

Labarin na Mai Sunsaye ne, dattijon Bafillace, shugaban Dokan Toro, wanda ya fanshi wata baiwa mai suna Fatimeh da shanunsa. Abokin hamayyarsa Arɗo ya yi masa sihirin da littafin ya kira sokugo, ciwon yawo, ta hanyar ɗaura laya a ƙafar tsuntsuwa. Tun daga ranar Mai Sunsaye ya bar gida ya bi ta, iyalinsa suka watse, 'ya'yansa Jalla da Hodio da Rikku kowa ya kama gabansa.

A nan ne Bahaushe mai karatu ya fi Bature riba. Bature zai ɗauki sokugo a matsayin wata baƙuwar al'ada da marubuci ya ƙawata labari da ita. Mu kuwa mun san ta tun muna yara, sunanta kurciya. Idan mutum ya bar gari ya shiga uwa duniya, shekara da shekaru ba wasiƙa ba saƙo, sai tsofaffi su ce an yi masa kurciya. Tsuntsuwar da Ekwensi ya zaɓa ita ce dai wadda harshenmu ya riga ya ɗaura wa wannan ma'ana. Wannan ya nuna cewa ɗan Ibon da aka haifa a Minna ya saurari Arewa da kunnen ɗan gida. Ya kuma nuna wani abu game da fasaha wanda muke son ɗalibai su tsaya a kansa: tsuntsun cikin littafin yana aiki. Shi ne ke jan labarin daga wannan rugar zuwa waccan, kuma shi ne hoton abin da ke cin zuciyar tauraro, wato mutumin da ya manta inda ya dosa amma ƙafarsa ta ƙi tsayawa. Haka wutar daji take. Ƙona ciyawa a farkon rani shi ne ke tilasta wa makiyaya gangarawa kudu neman ruwa da ɗanyen haki, don haka yanayin shekara ne ya tsara zubin littafin. Har ƙudan tsando yana da rawar da ya taka, domin saboda ciwon barci aka tashi tsohon garin Chanka aka gina sabo, abin da zai tuna wa mai karatu da Takalafiya ta ƙasar Anchau, wadda Turawan mulki suka gina saboda irin wannan dalili.

Sai a gwada wannan da abin da muke yawan karantawa a waƙoƙin ɗalibai. Za a tarar da "fure mai ƙamshi" wanda ba shi da suna, da "tsuntsaye masu rera waƙa" waɗanda ba a san ko shamuwa ce ko balbela ko carki ba, wani lokaci har da dusar ƙanƙara a waƙar wanda bai taɓa wuce Suleja ba. Wannan daji na aro ne, daga waƙoƙin Ingilishi na manhajar sakandare aka kwaso shi. Ɗalibin da ke hawa mota kullum daga Bosso zuwa Gidan Kwano yana wuce kaɗanya da ɗorawa da kunyoyin doya, yana wuce buhunan gawayi jibge a bakin titi waɗanda jiya itatuwa ne, yana ganin matan Gbagyi da kaya a kafaɗa maimakon a ka. Da wuya mu ga ɗaya daga cikin waɗannan a takarda. Ga alama ɗalibi na ganin abin da ya saba gani bai kai a sa shi a waƙa ba.

Ba mu ce Burning Grass ba shi da aibi ba. Manazarta sun daɗe suna nuna tasirin labaran kasada na Turawa da finafinan kaboyi a rubutun Ekwensi, kuma ana ganin haka a yawan haɗuwar ba-zata da ke warware masa kowane ƙulli. Fulaninsa ma wani lokaci sun fi kama da yadda mai kallo daga nesa ke sha'awar su. Babban raunin da ya shafi batunmu shi ne Mai Sunsaye ba shi da aboki. Yana da 'ya'ya, yana da maƙiya, yana da masu taimako irin su Ligu, jarumar makiyayiya, amma babu tsaransa guda da zai zauna da shi ya gaya masa gaskiya. Shi ya sa muka san ƙafarsa fiye da yadda muka san zuciyarsa.

Imam da Malam Zurƙe

Abin da Ekwensi ya rasa, shi Abubakar Imam ya samu. An haife shi a Kagara a 1911, ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fita a 1932, sannan a 1933 ya shiga gasar rubuta ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya, yana ɗan shekara 22. Wato Ruwan Bagaja rubutun matashi ne da bai daɗe da ajiye allon kwaleji ba, kusan tsaran masu aiko mana da rubutu. Yayansa Bello Kagara ma ya shiga gasar da Ganɗoki, kuma littattafan biyu duk suna da jijiya a Kwantagora.

Ta fuskar daji, Imam bai kama ƙafar Ekwensi ba. Alhaji ya bar Kwantagora, ya bi ta Tambutu, ya keta garuruwa da dazuzzuka da teku, amma da ƙyar mai karatu zai iya siffanta ko guda. Daji a wurinsa wurin ɓuya ne ko wurin gamuwa da aljanu, kamar yadda yake a tatsuniya da labaran Dare Dubu da Ɗaya. Ko ruwan da ake nema magani ne da mutuncin Liman ya rataya a kansa, babu ruwan marubucin da launinsa ko gaɓarsa.

Amma ga Malam Zurƙe ɗan Muhamman. A ganinmu babu wata dangantaka a farkon ƙagaggun labaran Hausa da ta kai tasa da Alhaji rai. Sun fara da cuta, wannan ya yi wa wancan, wancan ya rama, gari bayan gari, har mai karatu ya fara jiran inda za su sake karo fiye da yadda yake jiran a sami ruwan. Daga ƙarshe suka gaji, suka shirya, suka zama aminai. Abin lura shi ne, ta wurin Zurƙe muka san Alhaji. Shi da bakinsa yana ba da labari ne a matsayin ɗa nagari da ya fita don share wa uba hawaye. Zurƙe ne madubin da ya nuna mana ɗaya fuskar, ta mai wayo, mai son girma, wanda ba ya barin bashin ramuwa ya kwana. Da babu Zurƙe, da Alhaji ya zama gunkin biyayya kawai, da kuma an daɗe da manta littafin.

Wannan irin abota tana da tushe a al'ada. Ita ce ta abokan wasa, irin wadda ke tsakanin Katsinawa da Nufawa, ko Fulani da Barebari, inda tsokana ke zama shaidar kusanci, kuma ake gaya wa mutum aibinsa cikin raha ba tare da an ɓata ba. Ɗakin kwanan ɗalibai a Minna cike yake da ita. Banufe da Bakatsine na kwana a ɗaki ɗaya, suna cin garin kwaki a kwano ɗaya, kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa. Amma da zarar ɗayansu ya zauna rubuta waƙar abota sai ya koma wa'azi. Aboki ya zama ko dai mala'ika ko dai maciji, a jero siffofin abokin ƙwarai a baiti biyar, na abokin banza a baiti biyar, a rufe da addu'a. Mun san inda wannan ya samo asali, domin waƙar wa'azi da gargaɗi tana da daɗaɗɗen matsayi a rubutaccen adabinmu tun zamanin masu jihadi, kuma ba mu raina ta ba. Sai dai ita manufarta gyaran jama'a, don haka ba ta bukatar aboki mai suna da fuska da halin kansa. Labarin sanin kai kuwa ba ya yiwuwa sai da irin wannan abokin.

Dajin da ya sauya

Akwai uzuri guda da ya wajaba mu karɓa daga ɗalibin yau. Dajin da Mai Sunsaye ya keta shi kaɗai da sandarsa, yau ba mai shigarsa haka. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Kimiyya ta Gwamnati da ke Kagara, mahaifar Imam, suka kashe ɗalibi guda, suka tafi da ɗalibai 27 tare da wasu malamai da iyalansu. Ƙauyuka da dama a ƙasar Shiroro da Rafi da Munya sun watse, mutanensu sun kwararo garuruwa. A watan Mayu na 2025 ambaliya ta ci mutum fiye da 150 a Mokwa. Ɗalibin da ya tashi cikin wannan ba zai ji kalmar "daji" ko "ruwa" kamar yadda kakansa ya ji su ba, kuma mai yiwuwa shi ya sa yake gudu zuwa ga furen da ba shi da suna, domin shi ba ya tsoratarwa. Hatta Bafillacen Ekwensi, wanda mai karatu na 1962 ya kalla da sha'awa, mai karatu na yau yana kallonsa da wani nauyi a zuciya, kuma ɗalibi Bafillace da ke aji ɗaya da shi ya san da haka, ko da ba a furta ba.

To amma uzurin, in an duba, shi ne kayan aikin. Saddiq Dzukogi, wanda ya tashi a Minna, ya fitar da Your Crib, My Qibla a 2021, kundin waƙoƙin Ingilishi da ya gina a kan rasuwar 'yarsa, har ya kai jerin ukun ƙarshe na kyautar adabi ta Nijeriya a 2022. Abin da ya ɗaga kundin shi ne mawaƙin ya tsaya a kan abin da ya fi yi masa ciwo, ya kira shi da sunansa. Mu a ɓangaren Hausa har yanzu muna jiran labarin ɗalibai biyu 'yan ɗaki ɗaya a Bosso, ɗaya ɗan manomin doya da aka kora daga gonarsa a Shiroro, ɗaya ɗan makiyayin da aka sace wa shanu, suna tsokanar juna yadda Alhaji da Zurƙe suka yi, har ranar da labari ya zo daga gida.