Makashi Mai Rufe Fuska da Haƙƙin Mai Kallo

A Makoda da ƙauyukan da ke kewaye da Koguna, inda kallo ya koma cikin waya, kuma masu tura finafinai ke cika wa matasa memori da fassarar Indiya, akwai wani nau'in fim da ke tara jama'a bayan an taso daga gona. Shi ne wanda ya gwama salo biyu: na ban tsoro, wanda makashi mai rufe fuska ke bin mutane ɗaya bayan ɗaya da wuƙa, da kuma na binciken laifi, wanda ginshiƙinsa shi ne gano wanda ya yi kisan ta hanyar alamomi.

Gamin ba sabo ba ne, domin Mario Bava ya yi shi a Italiya tun 1964, Wes Craven kuma ya farfaɗo da shi a Amurka da Scream a 1996, inda makasan biyu suka fito daga cikin abokan yarinyar da ake farauta. A Indiya ma, Ratsasan na 2018 ya bar wa ɗan sandansa alama ta zahiri, wato kan 'yartsana da makashin ke ajiyewa, har mai kallo ya samu abin kamawa.

Abin takaicin shi ne yawancin masu kwaikwayon waɗannan finafinai sun ɗauki wuƙar sun bar binciken. Ana kashe mutum biyar ko shida, ana nuna sufeto yana kai da komo yana daka wa yaransa tsawa, amma babu wata alama da aka ajiye domin mai hankali ya tsinta, sai a ƙarshe a yaye fuskar wani da ba a taɓa gani ba, a liƙa masa tarihin ƙuruciya mai ban tausayi, a ce shi ne. Wannan cin haƙƙin mai kallo ne. Manomin da ya saba bin sawun ɓarawon akuya daga turke har bakin hanya ya san cewa zargi ba ya tsayuwa sai da sawu, kuma matasan da suka raba dare suna gardamar wane ne makashin sun cancanci a ba su abin da za su kafa hujja da shi. Jini, komai yawansa, ba ya zama hujja.

Gaskiya ne tsoro na ƙara wa bincike zafi, tunda kowane jinkirin ɗan sanda rai yake ci, amma tsoron ba ya maye gurbin binciken.

Ga Kannywood kuwa, wadda Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a 2021, ɓangaren binciken ne ya fi buɗuwa, kuma shi ne mai arha, domin marubuci mai haƙuri yake buƙata, wanda zai shuka alamominsa tun daga fitowar farko, ya kuma hana aljani ko boka shigowa ya warware masa ƙullin da ya ƙulla da hannunsa.