Dariyar Baƙo a Birnin Katsina

A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Katsina. A littafin tafiyarsa ya kawo, cikin sigar raha, yadda Sarki Muhammadu Bello ya nemi ya ba shi rokoki don tsorata abokan gaba. Karatuna na farko na murmusa. A na biyu na lura Barth da kansa ya ambaci hare-haren Maraɗawa da Gobirawa a ƙasar. Ashe Sarki kariyar talakawansa yake nema. Ba na ƙin barkwanci a rubutun matafiyi, amma wanda ya san dalilin abu, ya raba shi da dalilin don a dara, ya ci amanar masu masaukinsa.