Silimar Karate da Ƴar Gangar Miyagi

Mai karatu, in ka taɓa jin samarin Safo suna burin zuwa Japan koyon faɗa, to silima tana da hannu a ciki. Mu duba guda ɗaya, The Karate Kid II, wadda John Avildsen ya shirya a Amurka a 1986.

Labarin gajere ne. Tsoho Miyagi ya samu wasiƙa cewa mahaifinsa yana kwance, sai ya koma tsibirin Okinawa da almajirinsa Daniyel. Nan silimar ta yi kyau. Za ka ga dattijo yana ƙin faɗa ko da an kira shi matsoraci, ka ga yaro yana rusuna wa malaminsa. Zaɓen wurin ma daidai ne, don a Okinawa karate ya tashi, kafin Funakoshi Gicin ya kai shi Tokiyo a 1922. Amma ka sani, a Hawayi aka ɗauki hoton ƙauyen.

Inda ta yaudare ka shi ne ƙarshe. Miyagi ya nuna wa yaron wata ƴar ganga mai igiya biyu, wai sirrin gidansu yana cikinta. Da wannan sirri baƙo, wanda bai daɗe da fara koyo ba, ya buge ɗan gari da ya girma cikin horo. Haba! Ko a ajinmu na yaƙi da jahilci, wa ya taɓa rubuta wasiƙa daren da ya gane baƙaƙe?

Wanda ya je Japan da gaske, wani abu yake tararwa. A Kodokan, makarantar judo da Jigoro Kano ya kafa a Tokiyo a 1882 (Kanon nan suna ne, ba birnin Dabo ba), kafin ka ka da kowa sai an koya maka faɗuwa. Ka faɗi, ka tashi, ka sake faɗuwa, har jikinka ya iya sauka ba ciwo. A gidajen horo da yawa almajirai ne ke goge daɓe. Silimar ba ta nuna wannan gajiya sosai ba, don gajiya ba ta tara ƴan kallo.

Mu da muke ƙasar kokowa bai kamata ƴar ganga ta ruɗe mu ba. Tambayi dattawan Maraɗi kaka nawa Kantu ya yi yana cin ƙasa a filayen ƙauye kafin ya ɗauko takobi a Tawa a 1975.