Jinjina ga Masu Koya wa Kwamfuta Riƙon Buroshi

Kwamfuta gwanar tsafta ce, layinta santal, launinta bai ɗaya. Ɗan aibin da ke ba zanen hannu rai ne ya gagare ta. A 1986 Steve Strassmann na jami'ar MIT a Amurka ya ƙirƙiri buroshi a cikin kwamfuta, ya ba kowane gashi tawadarsa daban. In an danna, gashin ya baje. Tawada na ƙarewa, sai layin ya soma kakkarcewa. Nan ne ya burge ni, domin sai da aka sha lissafi kafin a samu wannan kuskuren. Sannunsa da aiki!

Ma'aikatan Disney kuwa, a fim ɗin Tarzan na 1999, sun shafa fenti kan rassan dajin da aka ƙera a kwamfuta, kwamfuta ta riƙe kowace shafa, kyamara ta ratsa tsakaninsu.