Gurnani kake saye ko gudu?

Mai motar gudu, ko Mustang ce ko Subaru WRX ko Civic Type R, abin da ya fara tsone masa ido shi ne baƙin akwatin roba da iska ke bi ta shiga inji. Hujjarsa tana da tushe. Injin fetur yana son iska mai nauyin kashi 14.7 ga kowane kashi 1 na mai, kuma iska mai sanyi ta fi mai zafi ɗauke da oksijin.

Kasuwa ta tanadar masa canji kala uku. Akwai matatar auduga da ake shafa wa mai, irin ta K&N, kamfanin da aka kafa a Kalifoniya a 1969, wadda ke zama cikin akwatin asali. Ana wanke ta a mayar, amma in man ya yi yawa sai ya ɓata na'urar da ke auna iska, inji ya fara shessheƙa. Akwai gajeren bututu mai buɗaɗɗen kai. Shi ya fi kowa gurnani, sai dai yana zaune ƙarƙashin bonet yana shaƙar zafin inji, wato abin da aka gudu shi aka tarar. Na uku dogon bututu ne da ke sauka bayan bamba ya ɗebo iska mai sanyi. A lissafi shi ne gwani, amma ranar da mota ta faɗa ruwa mai zurfi zai zuƙo shi har kan fistan, ruwa kuwa ba ya matsuwa, ƙarfe ne zai lanƙwashe.

Ni a ganina yawancin masu wannan canji sauti suke saye. Ƙarin ƙarfin ɗan kaɗan ne, can ƙarshen totur, sai fa in an sake saita kwamfutar motar an kuma canza salansa. Injiniyoyin kamfani ba barci suka yi ba da suka ƙera akwatin nan.

A ƙasarmu kuma akwai hunturu. Matatar da ta buɗe wa iska ƙofa takan buɗe wa ƙura, ƙura kuwa a hankali take cinye ringi. Mai son gurnani ya sayi bututu mai rufaffen akwati, ya ji daɗinsa. Mai son ya riga wani isa kwana, ya fara kai kuɗinsa wajen taya da birki.