Wa Ya Fi Iya Devdas? Ɗan Wasa da Gidan da Aka Sa Shi a Ciki

Gardama ce ta kaure tsakanina da abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai, ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Shi cewa ya yi tun da aka fara fim a ƙasar Indiya ba a taɓa yin wanda ya fito a matsayin Devdas kamar Shah Rukh Khan ba. Ni kuwa na ce masa ai bai ga Dilip Kumar ba ne, in ya gani zai janye maganarsa. Muka nemo finafinan biyu, na 1955 da na 2002, muka kalle su a dare biyu a jere. Da muka gama ban sauya ra'ayina ba, amma fa na gane dalilin da nake bayarwa da farko ba shi ne na gaskiya ba. Ina ta yabon ɗan wasa, ashe rabin aikin gidan da aka sa shi a ciki ne ya yi.

Bari in fara da asalin labarin, don waɗanda ba su san shi ba. Littafi ne da Sarat Chandra Chattopadhyay ya rubuta da harshen Bengali, aka buga shi a 1917. Devdas ɗan wani mai filaye ne a ƙauye, Parvati kuwa, wadda ake kira Paro, 'yar maƙwabtansu ce, tare suka tashi tun suna yara. Da maganar aure ta taso sai iyayen Devdas suka ce faufau, gidan su Paro bai kai ba. Shi kuma maimakon ya tsaya, sai ya gudu Kalkata ya rubuto mata takardar rabuwa. Aka aurar da ita ga wani attajiri dattijo wanda matarsa ta rasu ta bar manyan 'ya'ya. Devdas ya faɗa shan giya a gidan wata mai rawa, Chandramukhi, har ciwo ya ci ƙarfinsa, ya je ya mutu a ƙofar gidan mijin Paro don cika alkawarin da ya yi mata cewa zai zo kafin ya mutu.

An sha mayar da wannan labari fim. P. C. Barua ya yi shi da Bengali a 1935, shi da kansa ya fito a Devdas, sannan ya sake yin sa da Hindi ya sa mawaƙin nan K. L. Saigal. Daga cikin masu ɗaukar hoton Barua akwai wani saurayi, Bimal Roy, wanda bayan shekara ashirin ya yi nasa da Dilip Kumar. Sanjay Leela Bhansali kuma ya zo da na 2002. Wato dai riga ɗaya ce ake ta sa wa mutane daban daban, kowa da yadda ta zauna masa.

To, ga inda maganar gida ta shigo. Duk labarin nan a kan abu guda ya tsaya: gida biyu ne maƙwabta, ɗaya ya fi ɗaya. In mai kallo bai ga wannan fifiko da idonsa ba, ƙin auren ya zama zancen banza. Mu Hausawa ba sai an yi mana dogon bayani a nan ba. Kafin a gaya maka ko wane ne mai gida, zauren ya riga ya gaya maka: ko na azara ne ko na daurin guga, ko an yi masa zanko da ado a fuska, ko kuwa 'yar ƙofa ce kawai a jikin danga. Mutanen Bengal ma haka suke. Gidan mai filaye na tubalin ƙonawa ne, da ginshiƙai da tsakar gida, da ɓangaren waje inda maza ke karɓar baƙi, da ɓangaren ciki na mata wanda baƙo ba ya shiga, kusan yadda muke da zaure da cikin gida. Talaka kuwa ɗakin ƙasa ne da jinkar ciyawa. (Af, har kalmar bangalo da muke kiran gidajen unguwar Turawa da ita, daga sunan Bengal ta fito, Ingilishi ne suka ɗauko fasalin suka yaɗa shi a ƙasashen da suka mulka.)

Bimal Roy ɗan Bengal ne, ya san waɗannan gidaje. A fim ɗinsa, wanda baƙi da fari ne, gidan su Devdas babba ne amma gida ne da za ka yarda mutane na kwana a ciki, gidan su Paro kuwa ƙarami ne, ba komai a cikinsa sai abin buƙata. Akwai hanyar ƙasa, akwai bakin ruwa inda mata ke ɗiban ruwa. Saboda haka daren da Paro ta saci jiki ta shiga ɗakin Devdas don ta roƙe shi ya aure ta, mai kallo ya san irin kasadar da ta yi, domin ya ga katangar da ta tsallake. Budurwa ta shiga turakar saurayi cikin dare a ƙauyen da kowa ya san kowa! Ko a nan wurinmu ai ta gama zubar da mutuncinta in asiri ya tonu.

A cikin irin wannan ƙunci ne wasan Dilip Kumar ya sami wurin zama. Ba ya ɗaga murya. Sau da yawa ma ba ya kallon wanda yake wa magana, sai ya sunkuyar da kai ya faɗi kalma biyu uku kamar da kansa yake zance. Devdas ba jarumi ba ne, rago ne wanda ya kasa cewa a'a ga ubansa, ya kuma kasa cewa i ga yarinyar da yake so, kuma kunyar wannan ragwanta ce take cin sa fiye da giyar. Dilip Kumar ya gane haka. In ya zauna a ɗan ɗakin haya a Kalkata sai ka ga kamar bangon na matse shi. Ba banza aka ba shi kyautar Filmfare ta gwanin 'yan wasa a kan wannan fim ba.

Bhansali kuwa wata hanya ya bi. An ce a lokacin ba a taɓa kashe wa fim ɗin Indiya kuɗi kamar nasa ba, kuma duk wanda ya kalla ya ga inda kuɗin suka tafi. Nitin Desai ne ya tsara gine-ginen. Gidan su Devdas fada ce, da ginshiƙai jere har ido ya gaji. Wannan ba laifi. Amma sai ga gidan su Paro, waɗanda aka ce ba su kai ba, shi ma an yi shi bene da gilasai masu launi daga sama har ƙasa, yana ta ƙyalli kamar akwatin lefe. Sai na tambayi abokina: to wane ne talakan a nan? Da yake ido ba ya ganin bambancin, dole aka nemo shi a baki. A littafin, abin da ake ƙi game da dangin Paro shi ne suna karɓar kuɗi a kan 'ya'yansu mata in za su aurar, abin da a wurin manyan can abin kunya ne, mu kuwa a wurinmu sadaki wajibi ne. A fim ɗin 2002 sai aka mayar da uwar Paro mai jinin 'yan rawa, aka shirya taro aka sa ta ta yi rawa, sannan uwar Devdas ta ci mata mutunci a gaban jama'a. Abin da katanga ɗaya ta faɗa wa Bimal Roy shiru, sai da Bhansali ya tara mata suka yi ta da ihu.

Kuma wannan gida shi ya ja Shah Rukh Khan. Mutumin da aka tsayar a falo mai faɗin filin ƙwallo ba zai iya yin raɗa ba, tilas ya buɗe hannuwa, ya yi kuka da ƙarfi, ya fasa kwalabe. Ba na cewa bai iya ba. Yana da wurare masu taɓa zuciya, musamman zuwansa gida cikin maye bayan rasuwar ubansa. Amma Devdas ɗinsa, wanda aka ce daga Landan ya dawo ba daga Kalkata ba, ya yi kama da mai fushi da duniya, ba mai jin kunyar kansa ba. Duba ko da tabon da ya yi wa Paro a goshi. A 1955 da sanda ya buge ta a bakin ruwa, abin ya zo da muni kamar yadda ya kamata mugun aiki ya zo. A 2002 da sarƙar wuya ce, cikin kayan amarci, har jinin ma ya zama ado. Wannan cuta muna da ita a gida: sau nawa muka ga fim ɗin Hausa an ce yarinya 'yar talakawa ce, amma ga ta a falo mai manyan kujeru da labule har ƙasa, don kawai gidan da aka samu aro ke nan?

Kada abokina ya ce na yi son kai, akwai inda sabon zubin ya ci. Madhuri Dixit a matsayin Chandramukhi ta burge ni ƙwarai, ko da yake Vyjayanthimala ta 1955 ba kanwar lasa ba ce, ita ce ma ta ƙi karɓar kyautar mataimakiyar 'yar wasa don tana ganin matsayinta bai gaza na Paro ba. Madhuri gwanar rawar Kathak ce, kuma ita kaɗai ce girman ginin bai haɗiye ba, don sana'ar Chandramukhi dama ta nuna kai ce, ƙyalli kayan aikinta ne. Sai dai haɗa ta da Paro da aka yi suna rawa tare ban yarda da shi ba. A littafin ba su taɓa haɗuwa ba. Bimal Roy ya bar su sun gitta juna a hanya sau ɗaya, kowace ta dubi 'yar'uwarta, ba wadda ta ce uffan. Chunni kuwa, abokin da ya koya wa Devdas hanyar banza, Motilal ya fi Jackie Shroff nesa ba kusa ba.

Wuri ɗaya ne na sallama wa Bhansali gaba ɗaya, shi ne ƙarshe. Devdas na kwance a waje yana shure-shuren mutuwa, Paro ta ji labari ta zabura a guje, mijinta ya ce a rufe ƙofa. Nan ne girman gidan ya yi rana. Ta sauko matakala, ta bi dogon baranda, ta ratsa tsakar gida, farin mayafinta na ja a ƙasa, ƙofar na ta haɗuwa a hankali, kai kuma kana lissafin tazarar da ta rage kana sane ba za ta kai ba. Bimal Roy ma ya rufe wa Suchitra Sen ƙofa, amma nata gudun gajere ne. Aishwarya Rai kuwa sai da ta ƙetare duk dukiyar da aka aurar da ita dominta. Da ƙofar ta rufe na waiga na ga abokina yana share ido da hannun riga, ya ce wai hayaƙin maganin sauro ne, alhali kuwa ranar ba mu kunna ba.